Addu'a ga Matattu a Cocin Katolika: Me Ake Roƙo, Kuma Kuɗin Mas na Mene Ne?

Da zarar watan Oktoba ya kusa ƙarewa, cocin Katolika da dama a Legas kan fara raba ambulan ko 'yar takarda mai layuka a bakin ƙofa. Kowa ya ɗauka ya rubuta sunayen mamatansa: uwa, uba, kaka, abokin aikin da ya rasu a hanyar zuwa gida. A dawo da takardar, wani ya haɗa da ɗan kuɗi, wani bai haɗa ba, a tara su cikin kwando kusa da bagade, su zauna nan ana yi wa masu sunayen addu'a har watan Nuwamba ya fita.

A gidajen haya na Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12, da barikokin soja na Ikeja da Ojo, inda ɗan Kafanchan da ɗan Shendam da ɗan Kano ke ɗibar ruwa a famfo ɗaya suna hira da Hausa, wannan takarda tana jawo tambaya. Ɗan ECWA ya ce wanda ya mutu ai ya gama nasa, addu'ar me kuma? Musulmi ya ce addu'ar dai ya gane ta, to kuɗin fa? Shi kansa ɗan Katolikan, sau da yawa abin da ya riƙe tun ajin koyon addini na yarinta bai isa ya ba da amsa ba. Ana cikin haka kuma fadar Batikan ta fitar da sabuwar doka kan kuɗin Mas, wato gudummawar da ake bayarwa in an nemi a yi babbar ibadar cocin domin wani. Fafaroma Francis ya amince da ita, ta fara aiki ranar Ista, 20 ga Afrilu 2025. Wasu sun ji ta a matsayin hana karɓar kuɗi, wasu sun ji ta a matsayin halatta ciniki. Duka biyun ba su ne abin da dokar ta ce ba.

Wa ake yi wa addu'ar?

A koyarwar Katolika, mutum yana fuskantar hukuncinsa ne nan take da ya mutu. Wanda ya mutu yana bijire wa Allah da babban zunubi bai tuba ba, makomarsa jahannama, kuma babu addu'ar da za ta fitar da shi. Wanda ya mutu a tsarkake sarai ya shiga mulkin sama, ba ya buƙatar roƙon kowa. Addu'ar tana nufin rukuni na uku ne, waɗanda suka mutu cikin alherin Allah amma da sauran datti a tare da su. Halin tsarkakewar da suke ciki shi ake kira Furgatori, daga kalmar Latin mai ma'anar wankewa.

Abin da aka fi kuskurewa shi ne ɗaukar Furgatori tamkar kotun ɗaukaka ƙara. Littafin koyarwar cocin na 1992, a sakin layi na 1030 zuwa 1032, ya bayyana cewa waɗannan rayuka sun riga sun sami tabbacin ceto. Ƙofarsu ɗaya ce, kuma sama take kaiwa. Babu mai faɗawa wuta daga can, babu kuma mai hawowa can daga wuta.

To in an yafe wa mutum, me ya rage a wanke? Malaman cocin suna raba laifi da abin da laifi ya bari a baya. Ɗauki mai riƙon kuɗin adashi da ya ci amana, daga baya ya yi nadama ta gaskiya, ya nemi gafara aka yafe masa. Laifin ya tafi. Amma kuɗin mutane bai koma hannunsu ba, kwaɗayin da ya kai shi ga haka ma bai fita daga zuciyarsa a rana ɗaya ba. In mutuwa ta riske shi a nan, ya mutu yafaffe, sai dai bai gama gyaruwa ba. Littafin Ru'ya ta Yohanna 21:27 kuwa ya ce ba abu marar tsarki da zai shiga birnin Allah. Cike wannan giɓin shi ne aikin Furgatori.

Abin da cocin ta ɗaure mabiyanta da shi a nan bai wuce biyu ba: akwai tsarkakewa bayan mutuwa, kuma addu'ar masu rai tana amfanar waɗanda ke ciki. Harsunan wuta da ake gani a tsofaffin hotuna, da lissafin shekarun da rai zai yi, ba su cikin abin da aka wajabta yarda da shi. Fafaroma John Paul na biyu ya faɗa a 1999 cewa kalmar tana nuna hali ne da rai ke ciki, ba wani wuri ba. Benedict na 16, a wasiƙarsa ta 2007 kan bege, ya kawo ra'ayin malaman da ke ganin wutar ita ce haɗuwa da Almasihu kansa, wadda ke ƙone ƙaryar da mutum ya zo da ita, ya ƙara da cewa ba a auna tsawonta da agogon duniya.

Tun da ba wanda ya san rukunin da mamacinsa ya faɗa, kowa ake yi wa addu'a. Cocin ta ayyana wasu a matsayin tsarkaka, amma ba ta taɓa kama sunan wani ta ce tabbas yana wuta ba.

Daga ina abin ya samo asali?

Nassin da aka fi kafa hujja da shi yana cikin littafin Makabi na biyu, sura 12. Sama da shekara 160 kafin haihuwar Almasihu, jagoran Yahudawa Yahuza Makabi ya je kwasar gawarwakin sojojinsa bayan wani yaƙi, sai aka tarar da layun gumaka a ƙarƙashin rigunansu, abin da shari'arsu ta haramta. Ya sa aka yi musu addu'a, ya tara azurfa darakma 2,000 ya aika Urushalima a miƙa hadaya saboda zunubinsu. Marubucin ya yaba wa wannan aiki, ya ce da Yahuza bai sa ran tashin matattu ba, da addu'ar ta zama banza.

A nan ne hanya ta rabu. Littafi Mai Tsarki na Katolika yana da littattafai 73, na Furotesta 66, kuma Makabi yana cikin bakwai ɗin da suka bambanta su. Waɗannan bakwai suna cikin tsohuwar fassarar Girkanci da Kiristocin farko suka yi amfani da ita, amma ba su cikin jerin Ibrananci da Yahudawa suka tsayar. Don haka in ɗan Katolika ya ce wa maƙwabcinsa ɗan COCIN ya buɗe Makabi, a nasa littafin ba zai same shi ba, sai in bugun da aka haɗa da littattafan da ake kira Afokirifa ne. Gardama da yawa a tsakar gida tana mutuwa a nan ba tare da masu yin ta sun gane cewa littattafan hannunsu ba ɗaya ba ne.

Daga Sabon Alkawari ana kawo 1 Korintiyawa 3:15, inda Bulus ya yi maganar wanda aikinsa zai ƙone amma shi ya tsira kamar wanda ya ratsa wuta. Ana kawo Matiyu 12:32, mai maganar zunubin da ba a gafartawa a wannan zamani ko mai zuwa, da addu'ar Bulus ga Onisifaras a 2 Timoti 1:18. Malaman Katolika masu zurfi sun yarda cewa waɗannan ayoyi ishara suke yi, ba su faɗi abin ƙarara ba. Nauyin hujjarsu ya fi dogara ga abin da cocin ta saba yi tun farko.

Shaidar farkon nan kuwa da yawanta daga Afirka ta fito. Tertuliyan, marubucin Kirista na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta a farkon ƙarni na 3 cewa Kiristoci suna miƙa hadaya domin matattu duk ranar zagayowar mutuwarsu. Monika, mahaifiyar babban malamin coci Agustin na Hippo, 'yar ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ta rasu a Ostiya ta Italiya a shekara ta 387, nesa da gida. Ta gaya wa 'ya'yanta kada su damu da inda za su binne ta, abin da take roƙo kawai su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji duk inda suke. Wannan wasiyya tana da abin faɗa wa duk iyalin da ya taɓa zama a Legas yana lissafin kuɗin motar da za ta kai gawa Arewa.

Ranar 2 ga Nuwamba, ranar da cocin ke tunawa da matattu, ta samo asali ne daga Odilo, shugaban gidan sufaye na Kuluni a Faransa, wanda wajen shekara ta 1000 ya umarci gidajen da ke ƙarƙashinsa su keɓe ranar da ke bin bikin Dukan Tsarkaka domin dukan matattu masu bi. Daga nan ta bazu. Manyan tarukan bishop-bishop na Liyon a 1274, Fulorens a 1439 da Tirent a 1563 su suka tsayar da koyarwar a rubuce. A 1915, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ke cin rayuka, Benedict na 15 ya ba kowane Fada, wato limamin Katolika, izinin yin Mas uku a wannan rana, izinin da yake nan har yau.

Tabon 1517

Zargin ciniki yana da tushe a tarihi. A farkon ƙarni na 16 an yi wa'azin indaljens, wato rangwamen horon zunubi, a ƙasar Jamus domin tara kuɗin da wani kaso nasa zai tafi ginin cocin Bitrus a Roma. Masu wa'azin, waɗanda Johann Tetzel ya fi shahara a cikinsu, sun sa talakawa sun ɗauka cewa da kuɗi ya faɗa akwati rai zai fice daga Furgatori. Martin Luther ya ambaci wannan magana a batu na 27 cikin batutuwa 95 da ya fitar a Oktoban 1517, rikicin da ya ƙare da rabuwar cocin Yamma.

Taron Tirent ya riƙe koyarwar, amma ya umarci bishop-bishop su hana duk abin da ke warin neman riba ko camfi a cikinta. A 1567 Fafaroma Pius na biyar ya soke duk wani indaljens da aka ɗaura da biyan kuɗi. Daga lokacin zuwa yau babu indaljens na sayarwa, kuma duk wanda ya zo da shi yana neman kuɗi ɗan damfara ne.

Inda sauran suka tsaya

ECWA, COCIN, Baftis da cocin Fentikos sun ƙi wannan al'ada bisa dalilan da suke ɗauka da muhimmanci. Suna kawo Ibraniyawa 9:27, cewa sau ɗaya mutum ke mutuwa, bayan haka sai shari'a. Suna kawo maganar Yesu ga ɓarawon da aka gicciye tare da shi, a Luka 23:43, cewa yau zai kasance tare da shi a Firdausi. Babbar damuwarsu ita ce kada a rage wa aikin gicciye daraja: in jinin Almasihu ya wanke mutum, me za a ƙara? Shi ya sa a jana'izarsu ake gode wa Allah saboda rayuwar mamaci, a yi wa iyali addu'ar ta'aziyya, a tsaya nan. Amsar Katolika ita ce tsarkakewar ma aikin Almasihu ce, kamar yadda girman mai bi cikin tsarki a duniya aikinsa ne, kuma in addu'a tana amfanar ɗan'uwa yana raye, mutuwa ba ta yanke zumuncin.

Angalikan tana tsakiya. Ƙa'ida ta 22 cikin ƙa'idojinta 39 ta yi watsi da koyarwar Roma kan Furgatori, amma akwai ɓangarorinta da ke ambaton matattu a addu'a. Cocin Otodoks na Gabas suna yi wa matattu addu'a sosai, musamman a kwana na 3, na 9 da na 40, ba tare da sun karɓi bayanin Furgatori irin na Roma ba.

Ga Musulmi, roƙa wa mamaci gafara ba baƙon abu ba ne. Sallar jana'iza kanta addu'a ce gare shi. Suratul Hashri, aya ta 10, ta koyar da roƙon gafara ga 'yan'uwan da suka riga mu imani, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwa sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Saɓanin da ke tsakanin malamai yana kan taron sadakar uku, bakwai da arba'in, ko fida'u na kwana takwas da aka saba gani wurin Musulmin Yarabawa a Legas. Wasu na ganinsu al'ada ce mai kyau, wasu na kiransu bidi'a.

Sai dai kada a haɗa Furgatori da Barzahu. Barzahu zama ne tsakanin mutuwa da tashin ƙiyama wanda ya shafi kowa, nagari da mugu. Furgatori na waɗanda suka riga suka tsira ne kaɗai. Haka nan aƙidar Ahlus Sunna cewa mumini mai zunubi zai iya shiga wuta daga baya a fitar da shi ta bambanta, domin a wurin Katolika jahannama ba ta da ƙofar fita.

Yadda ake yi a aikace

Mafi girman abin da ɗan Katolika ke yi wa mamacinsa shi ne sa a yi masa Mas, wato ibadar gurasa da ruwan inabi wadda cocin ke ɗauka a matsayin miƙa hadayar Almasihu. Mutum ya je ofishin cocinsa, ya ba da cikakken sunan mamaci, ya faɗi ranar da yake so, a rubuta a littafin niyyoyi, wato jerin waɗanda za a yi wa Mas. A babbar coci irin ta Legas ranakun Lahadi kan cika da wuri, don haka mai son ranar cikar shekara gara ya je tun da sauran makonni. Mas na ranar aiki da sassafe darajarsa ɗaya da na Lahadi. Ba dole mai bayarwa ya halarta ba, ko da yake halartar ta fi.

Mas na jana'iza yana da ranakun da ba a yinsa: Alhamis mai tsarki da kwanaki uku na Ista, manyan bukukuwan da halartarsu wajibi ne, da Lahadin lokacin jiran Kirsimeti, na azumi da na Ista. Iyalin da suka buga katin gayyata kafin su ga Fada sukan faɗa wannan rami, a ƙare da sauya rana bayan baƙi sun sayi tikitin mota.

Akwai kuma Mas talatin na Giregori, waɗanda ake danganta su ga Fafaroma Giregori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ya kuma sa aka yi wa wani sufi mai suna Justus Mas kwana talatin a jere. Sharaɗinsu shi ne mamaci ɗaya, kwana talatin ba tsallake, sai in wata larura ta gitta. Fada mai riƙe da coci da wuya ya iya ɗaukarsu, domin doka ta ɗora masa yin Mas domin jama'arsa duk Lahadi, ga kuma niyyoyin sauran mutane. Shi ya sa aka fi kai su gidajen sufaye da na ƙungiyoyin Fada-Fada. Cocin ba ta koyar da cewa cika talatin ɗin ya tilasta sakin rai ba.

Indaljens na Nuwamba ba ya cin ko kwabo. Daga ranar 1 zuwa 8 ga wata, wanda ya ziyarci maƙabarta ya yi wa matattu addu'a, ko a zuci ne, zai iya samun cikakken rangwame domin rai ɗaya a kowace rana. Ranar 2 ga wata kuma ana samunsa ta ziyartar coci a karanta Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya. Sharuɗɗan su ne furta zunubi gaban Fada cikin kimanin kwana 20 kafin ko bayan ranar, karɓar jibin Ubangiji, wato gurasar da aka tsarkake a Mas, yin addu'a domin niyyar Fafaroma, da rabuwa da son kowane zunubi komai ƙanƙantarsa. Furci ɗaya ya isa ga kwanakin duka, amma jibi da addu'ar Fafaroma sai an maimaita su kowace rana. Sharaɗi na ƙarshe shi ne mai wuya, kuma in ya gaza rangwamen ya zama na wani ɓangare. Ba sai maƙabartar da ɗan'uwa yake kwance ba. Wanda mahaifinsa ke binne a Pankshin ko Zuru zai iya zuwa Atan a Yaba ko maƙabartar Ikoyi ya yi masa. Marar lafiya ko tsohon da ba ya iya fita ya yi magana da Fada, yana da ikon sauya masa aikin.

Tsofaffin littattafan addu'a da aka gada kan ɗauki rubutu kamar "kwana 300" a ƙarƙashin addu'a. Ba kwanakin da za a rage a Furgatori ake nufi ba, kwatanci ne da kwanakin horon tuba na cocin farko. Saboda ruɗanin da ya jawo, Fafaroma Paul na shida ya soke wannan ƙidaya a 1967.

A gida kuwa ana jan Rozari, wato carbin Katolika, ana karanta Zabura 130, ana ba da sadaka ko yin azumi da sunan mamaci. Gajeriyar addu'ar da aka fi yi, ma'anarta ita ce: Ya Ubangiji, ka ba su hutawa ta har abada, haske madawwami ya haskaka su, su huta cikin salama.

Kuɗin Mas da dokar 2025

Abin da ake bayarwa gudummawa ce ta ɗaukar nauyin Fada da aikin coci, kuma dokokin cocin daga lamba 945 zuwa 958 sun kewaye ta da shinge. Bishop-bishop na lardi ne ke tsayar da adadin. Lardin Legas ya ƙunshi Legas, Abeokuta da Ijebu-Ode. Fada ba shi da ikon neman fiye da abin da aka tsayar, amma zai iya karɓar ƙasa da haka, ko fiye in mutum ya bayar don kansa. An kuma gargaɗe shi ya yi wa talaka Mas ko bai kawo komai ba. Ko Mas nawa ya yi a rana, gudummawa ɗaya ce tasa, ban da ranar Kirsimeti, sauran su tafi inda bishop ya tsara. Ba zai karɓi abin da ya fi ƙarfin ya cika cikin shekara ɗaya ba, kuma dole a ajiye littafin da bishop zai riƙa dubawa.

Asalin ƙa'ida ita ce kowace gudummawa da aka karɓa, komai ƙanƙantarta, tana da Mas nata daban. A cocin da mutum dubbai ke halarta, Fada biyu ko uku ba za su iya cika wannan ba. Hanya ɗaya ita ce a tura ragowar ga wasu Fada, kuma ta haka cocin birni ke tallafa wa na ƙauye. Hanya ta biyu ita ce a haɗa niyyoyi da yawa a Mas guda, irin jerin sunayen da ake karantawa kafin a fara ibada. Wata dokar Batikan ta 1991 ta ƙyale haka da sharuɗɗa. Ta 2025 ta bar wa bishop-bishop na lardi su yanke ko za a yi, ta kuma ƙarfafa sharaɗin: sai an sanar da kowane mai bayarwa, ya kuma yarda da bakinsa, ba a ɗaukar shirunsa a matsayin amincewa. Ko sunaye hamsin aka haɗa, Fada gudummawa ɗaya zai riƙe. Ta kuma haramta a yi wa mutum alkawarin Mas sannan a sallame shi da ambaton suna kawai a tsakiyar ibada.

Ga mai zuwa ofis da naira a hannu, wannan yana nufin yana da haƙƙin tambaya: Mas na kaɗai ne ko na haɗaka? In ya ce na kaɗai yake so, dole a ba shi rana ko a tura wa wani Fada. Ya tabbata an rubuta a littafi. Tura kuɗi ta waya zuwa asusun wani da aka gani a Facebook ko WhatsApp yana sanye da farar riga hanya ce ta asara, asusun cocin da aka sani shi ne amintacce.

Wanda ba shi da ko sisi kuma mamacinsa bai fita daga lissafi ba. A kowane Mas, a kowace coci, akwai wurin da ake roƙa wa dukan matattu jinƙai, har da waɗanda ba wanda ya san sunansu.

Abin da ya shafi iyali

Nauyin da ke karya iyali a Legas ba daga bagade yake fitowa ba. Kuɗin ajiye gawa a asibiti, akwati, anko, rumfa, abinci, makaɗa da motar zuwa gida su ke cinye dukiya, wani lokaci a bar gwauruwa da bashin da zai kai shekara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da koyarwar ta ce yana ƙara wa mamaci wani abu. Shi ya sa wasu dayosis, wato yankunan da bishop ke riƙe da su, a Najeriya suka sa wa'adin binnewa don rage jinkiri da almubazzaranci. A ɗaya gefen kuma akwai ƙorafin da ake yawan ji, na riƙe jana'iza har sai an biya bashin kuɗin ƙungiya ko na coci da ake bin mamaci. Doka ta 1181 ta ce kada a nuna bambanci a jana'iza, kada kuma a hana talaka jana'izar da ta dace. Iyalin da suka gamu da haka suna da damar kai maganar ga Fada mai riƙe da coci, in ta ƙi, ga ofishin bishop.

Mafarki ma yana da nasa rikicin. Mutum ya ga mahaifiyarsa a mafarki tana neman ruwa, sai wani mai duba ko mai kiran kansa annabi ya ce ranta na yawo, a kawo kaza da kuɗi. Cocin ta haramta kiran matattu da neman labari daga gare su. Abin da ta yarda da shi roƙo ne zuwa ga Allah domin mamaci, kuma ba ta koyar da cewa rayukan Furgatori suna dawowa su cutar da iyali in ba a yi musu Mas ba.

Akwai mutuwar da iyali ke jin kunyar kawowa coci. Wanda ya kashe kansa, littafin koyarwa a sakin layi na 2283 ya ce kada a yanke ƙauna ga cetonsa, cocin tana yi masa addu'a. Jaririn da ya mutu kafin baftisma ana miƙa shi ga jinƙan Allah, kuma bishop zai iya ba da izinin yi masa jana'izar coci in iyayen sun yi niyyar yi masa baftisma.

Sai gidajen da addini ya haɗu, waɗanda suke da yawa a tsakanin mutanen Arewa. Doka ta 901 ta ba Fada 'yancin yin Mas domin kowa, mai rai ko matacce, don haka 'yar Katolika za ta iya sa a yi wa mahaifinta ɗan ECWA ko kakanta Musulmi. Hikima ita ce a yi shi ba tare da shela ba in sauran dangi ba za su ji daɗi ba. Ta ɗaya ɓangaren, yawancin malaman Musulunci, bisa Suratut Tauba aya ta 113, ba su halatta roƙon gafara ga wanda ya mutu ba Musulmi ba. Saboda haka in maƙwabci Musulmi ya shigo gaisuwa ya ce, "Baba, ya haƙuri? Allah ya ba da haƙuri, ya raya abin da ya bari," bai ce Allah ya jiƙansa ba, iyakar da addininsa ya sa masa ce ya tsaya a kai. Haka ɗan Baftis da zai zo ya zauna tun daga farkon Mas har ƙarshe, ya yi waƙa, ya riƙe hannun marayu, amma ya yi shiru a wurin roƙa wa mamaci hutawa. Shi da Musulmin duka ba a ba su jibi a wannan ibada, domin na 'yan Katolika ne da suka shirya, kuma ya kamata mai gida ya sanar da baƙinsa wannan tun kafin a shiga coci.